Saƙa bayan an tashi daga ofis: amsa ga mai yara uku da oda ta yi wa yawa

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce a Kano, ina fita ƙarfe bakwai na safe, ba na dawowa sai wajen biyar. Yarana uku: mai shekara bakwai, mai shekara huɗu, da na goye ɗan wata goma. Ina saƙar kayan jarirai da kwarashi, hula da safa da riga da shawul, ina tallata su a WhatsApp. Da farko don sha'awa nake yi, yanzu abin ya zame mini kaya. A hannuna akwai odar seti shida da shawul biyu, uku daga ciki ranarsu ta wuce. Ba na kwanciya sai ɗayan dare, a ofis ina ta gyangyaɗi, maigida ya fara ƙorafi, kuma in na duba ba na ganin inda kuɗin yake shiga. In haƙura da sana'ar ne, ko akwai yadda zan tsara ta?"

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya raya zuri'a, ya sa albarka a nema. Tambaya biyu kika yi a ɗaya: me ya sa aikin ya fi ƙarfinki, kuma me ya sa duk da wahalar ba ki ga riba ba. Amsarsu ɗaya ce. Jarin mai saƙa ba zare ba ne, awoyinta ne, ke kuwa kin sayar da awoyin da ba ki da su, a farashin da bai biya su ba.

Ƙirga awoyin tukuna

Mu bi ranarki. Kin shigo gida biyar, ga girki, ga masu dawowa daga Islamiyya, ga magariba, ga aikin gida na makaranta, ga wanka da shirin kwanciya. Da wuya hannunki ya samu kwarashi kafin ƙarfe tara. In za ki tashi da asuba ki kuma yi wa ofis aikin kirki, goma da rabi ya kamata ki ajiye. Awa ɗaya da rabi ke nan. Kada ki ƙirga dare biyar, ƙirga huɗu, don ko yaya akwai daren da na goye zai ƙi barci. Awa shida. Ƙara uku ranar Asabar, biyu ranar Lahadi, kin samu goma sha ɗaya a mako.

To amma ba duka ne na saƙa ba. Amsa saƙonni, ɗaukar hoto, shiga kasuwa sayen zare, wanki da shanya, ƙullewa a leda, jiran ɗan aike, waɗannan sukan ci kusan kashi ɗaya cikin uku. Saura bakwai ko takwas. Daga nan ki ware na abin da ba a shirya masa ba: zazzaɓin yaro, biki, gaisuwar rasuwa, baƙi, ɗaukewar wuta fitila ba caji. Abin da za ki iya yin alƙawari a kansa ba tare da kin ji kunya ba bai wuce awa shida a mako ba, wato ashirin da huɗu a wata.

Yanzu ɗaya ɓangaren. Ga mai matsakaicin sauri, hular jariri takan ci awa ɗaya da rabi, safa ƙafa biyu haka nan, rigar sanyi mai buɗaɗɗen gaba awa bakwai zuwa takwas. Seti guda wajen awa goma sha ɗaya ke nan. Shawul mai faɗi ya kan kai ashirin, in mai ado ne ya wuce. Seti shida awa 66, shawul biyu awa 40, jimilla 106. Raba da ashirin da huɗu: aikin wata huɗu da ɗoriya ne kika karɓa, kina ƙoƙarin gama shi a makonni. Gibin kuma da barcinki kike cike shi.

Waɗannan alƙaluma ma'auni ne kawai, hannu ya bambanta da hannu. Ki samu ƙaramin littafi, tsawon mako biyu ki riƙa rubuta lokacin da kika ɗauki kwarashi da lokacin da kika ajiye. Abin da yawancin masu saƙa suke mantawa shi ne ƙarashe: ɓoye bakin zare, haɗa hannun riga, ɗinka maɓalli, gyara baki. A riga ɗaya wannan kaɗai yakan cinye awa guda, kuma shi ne aikin da ake cewa "ai na gama, saura ɗan kaɗan."

Odar da ke hannunki yanzu

Kafin maganar tsari, a fara kashe wutar da ke ci. Yau ɗin nan ki rufe karɓar oda, ki sa a status cewa sai wata kaza za ki buɗe. Sannan ki jera odar nan takwas a takarda: sunan mai ita, abin da ta biya, inda aikin ya tsaya, da ranar da take buƙata ta gaskiya. Ranar gaskiya daban take da ranar da aka faɗa. Wadda jaririnta ya riga ya iso tana bukatar kayan yanzu, don hular ɗan sati biyu ba za ta shiga kan ɗan wata uku ba. Wadda cikinta wata shida ne tana da sarari ko da ta ce miki "da wuri nake so."

Ki kira su a waya, kada ki tsaya ga rubutu, musamman ukun da ranarsu ta wuce. Ki ba da haƙuri a taƙaice, ki faɗi sabuwar rana, ki ba ta zaɓi: ta jira, ko ki mayar mata da kuɗinta a ranar. Wadda aka mayar wa kuɗinta da mutunci takan dawo wata rana. Wadda ake ta ce wa "gobe in sha Allahu" sau biyar ba ta dawowa, kuma sai ta gaya wa duk matan layinsu. A ganina shawul ɗin nan biyu su ne na farko da za ki nemi sauke wa kanki, don su kaɗai sun kusa cinye wata biyu.

In kin san wata mai saƙa da kika yarda da hannunta, ki ba ta wasu ki biya ta. Sai dai ki ba ta abu cikakke, kada ki ba ta ƙarashen wanda kika fara. Kowane hannu da yadda yake jan zare, wata tana matsewa, wata tana sakewa, in hannu biyu suka haɗu a riga ɗaya za ki ga gaba ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ki haɗa mata da samfuri, da zaren, da lambar kwarashin da kike amfani da shi.

Inda kuɗin yake zurarewa

Farashin kayan hannu kashi huɗu ne: kuɗin kaya, ladan awoyi, ƙananan kashe-kashe, sai riba. Mafi yawan masu saƙa na farkon kawai suke lissafawa, su ɗora ɗan wani abu a kai su kira shi riba.

Ga ma'aunin da za ki fara da shi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Najeriya a 2024 naira 70,000 ne a wata. In kin raba shi da kwanakin aiki 22, awa takwas kowace rana, awa ɗaya ta kama wajen naira 400. Wannan shi ne ƙasan ƙasa, kuma gwaninta ta fi haka. Seti mai cin awa goma sha ɗaya ladansa kaɗai 4,400. A ce, don misali, zare da maɓalli da ribon sun ci 5,000, kuɗin adaidaita sahu da data da leda sun ci 1,000. Kin kai 10,400 ba ki ɗora riba ba. In kina sayar da shi 8,000, abin da ya rage miki 2,000 ne, wato ƙasa da naira 200 a awa. Ki sa farashin kasuwar yau a gurbin nawa, lissafin ba zai canza hanya ba.

Don ki san ainihin kuɗin zare, ki sayi ƙaramin sikelin kicin. Ki auna kayan da kika gama. Da zaren ulu na roba mai matsakaicin kauri, hular jariri takan ci giram 30 ko kusa da haka, riga ɗari da wani abu, shawul daga ɗari huɗu zuwa shida. Da kin san kuɗin giram ɗaya, kin daina cinta.

Za ki ce in na ɗaga farashi ba za su saya ba, ga kayan sanyin jarirai na kamfani da na gwanjo jibge a Sabon Gari. Gaskiya ne, kuma ba za ki taɓa kayar da su a araha ba, kada ma ki gwada. Amma ki tuna seti biyu kawai kike iya yi a wata. Ba kasuwa guda kike nema ba, mutum biyu kike nema da suke son aikin hannu su kuma biya. In ƙarin farashi ya kori rabin masu tambaya, ya yi miki aikin da dama kike buƙata.

Sai kuma ki duba wane kaya ne ya fi biyan awa. Sau da yawa hula da safa su biyu, awa uku, sun fi cikakken seti kawo kuɗi a kowace awa, don mai zuwa barka tana iya sayensu ba tare da dogon tunani ba. Shawul kuwa kusan kullum shi ne mafi ƙarancin lada, don ba a cika samun mai biyan awa ashirin ba.

Kuɗin sana'a kada ya haɗu da albashi ko kuɗin cefane. Ki buɗe masa asusunsa daban, ko da na waya ne irin su OPay ko Moniepoint. Duk abin da ya shigo, fara mayar da uwar kuɗi, sannan ki biya kanki lada, ragowar ita ce riba. Bashi kuwa, na 'yan uwa da abokan aiki masu cewa "sai an yi albashi", shi ne ramin da ya fi cinye irin wannan ƙaramar sana'a. Ki sa masa iyaka: mutum ɗaya, kaya ɗaya, ba a ƙara sai an biya.

Ki bar jiran oda, ki riƙa ajiye kaya

Wannan shi ne canjin da ya fi komai muhimmanci, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Kasuwar kayan jarirai a wajenmu tana da wata ɗabi'a: tsakanin haihuwa da suna kwana bakwai ne. Mai son kai kyauta ba ta tunawa da ke sai an haihu, ta kira ranar kwana biyu tana so kafin suna. Kwana biyar a wajenki awa biyar ne ko shida. Seti ba zai fita ba sai kin yi kwanan zaune. Muddin a kan oda kike aiki, kullum a cikin gaggawar wani kike.

Mafita ita ce ki saƙa kafin a nema. Ki tsayar da samfuri uku kacal, girma biyu: na sabon haihuwa zuwa wata uku, da na wata uku zuwa shida. Kan sabon jariri yakan kai santimita 34 zuwa 35 a kewaye, hular kuma a yi ta ƙasa da haka da santimita ɗaya ko biyu saboda tana miƙewa. Tafin safa santimita tara ya isa na farkon. Ki rubuta adadin sarƙa da layukan kowanne a kati ki liƙa a cikin murfin akwatin aikinki. Hannun da ya maimaita samfuri ɗaya sau goma ba ya buƙatar ƙirga, yana tafiya da kansa, kuma saurinsa yana ƙaruwa sosai.

Launi ki zaɓi wanda ya dace da mace da namiji: fari, ruwan madara, ruwan toka, rawaya mai haske. Ki saƙa ƙananan furanni da ribon ruwan hoda da shuɗi ki ajiye daban. Aka kira aka ce mace aka samu, minti goma sha biyar kin ɗinka fure a hula, kaya sun tashi.

Ki riƙa aiki iri-iri a jere: wannan mako huluna zalla, mai zuwa safa zalla, ƙarashe duk a zama ɗaya. Zare kuma ki saya na wata guda a shiga ɗaya. Akwai dalili bayan ragin kuɗin mota: launi ɗaya daga rini daban-daban yakan ɗan saɓa, a shago ba za ki gani ba, sai kin haɗa su a riga kin fita hasken rana. In akwai lambar rini a takardar zaren ki duba ta zo ɗaya, in babu ki ɗiba daga ƙunshi guda. Kayan da aka gama a wanke da hannu, a shimfiɗa su bushe a kwance, kada a rataye don suna zazzagowa, kada kuma dutsen guga ya taɓa su kai tsaye don zaren roba narkewa yake. A sa a leda mai zif, nesa da ƙura da ƙaurin girki.

Shekararki ma tana da tsari. Kayan ulu sun fi tafiya daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, su yi sanyi a zafin Maris zuwa Mayu. Saboda haka damina ce lokacin tara kaya. Ki kuma lura da azumi: a 2025 ya kama a farkon Maris, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya, wato yana shigowa tsakiyar lokacin cinikinki. A watan azumi, tsakanin girkin buɗa baki, tarawihi da sahur, awoyin darenki babu su. Abin da kika tara kafin nan shi za ki sayar.

Oda ta musamman ba a hana ba, amma guda ɗaya a lokaci ɗaya, rabin kuɗi a hannu kafin ki sayi zare, rana kuma ki ninka abin da lissafi ya ba ki. Launi, girma da rana duk a rubuce a saƙo, ta amsa da "na yarda."

Waya, ofis da doka

Waya takan ci lokaci fiye da yadda ake zato, don minti biyu-biyu take ɗiba. Ki koma WhatsApp Business, kyauta ne. Ki jera hotuna da farashi a katalog ɗinsa don ki huta da "nawa ne wannan?", ki saita saƙon da ke amsawa da kansa idan ba kya kusa, ki rubuta lokacin da kike duba saƙo: lokacin hutun azahar da kuma bayan isha. Kai kaya rana ɗaya a mako, Asabar. Na wani gari a haɗa su a kai tasha a fita ɗaya.

Ba ki faɗi ko gwamnati kike yi wa aiki ko kamfani ba, kuma bambancin yana da nauyi. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na biyar inda aka shimfiɗa ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a mai zaman kanta, noma kaɗai ya ware. Kowa ya san ofisoshi cike suke da masu sayar da atamfa da turare, amma yawan masu yi bai goge rubutun ba, kuma ranar da aka samu saɓani da wani shi za a ɗauko. Ni ba lauya ba ce, don haka in a gwamnati kike, ki nemi shawarar wanda ya san dokar aiki kafin ki yi rajistar suna ko ki faɗaɗa. In kamfani ne, ki karanta takardar ɗaukarki aiki. A kowane hali, kada kwarashi ya fito a lokacin aiki, kada ki yi amfani da wayar ofis ko injin buga takardarsu, kada kuma ki tallata wa waɗanda ke ƙarƙashinki, don ba za su iya ce miki a'a da sakin rai ba.

Yara da maigida

Ki raba saƙa gida biyu. Akwai layukan da hannu ke yi shi kaɗai, kamar jikin shawul ko tsakiyar riga, waɗannan za ki iya yi kina zaune kusa da babban yana aikin makaranta. Akwai kuma masu buƙatar ƙirga, kamar saman hula, rage ido (wato ƙullin zare ɗaya-ɗaya da kwarashi ke yi) a hammata, da diddigen safa. Waɗannan sai yara sun kwanta. In kika gwada su ana kiran "Mama" kowane minti, warwarewa za ki yi, ki kuma huce a kan yaron da bai yi laifi ba.

Ɗan wata goma yana rarrafe, komai baki yake kaiwa. Maɓalli, duwatsun ado, allura, almakashi da guntayen zare su zauna a akwati mai murfi a saman durowa, kuma a share wurin bayan kowane zama. Dogon zare yana iya naɗe wuya ko yatsa. Wannan ya shafi kayan sayarwarki ma: kada ki sa duwatsu a kayan jariri, maɓalli a ɗinke shi da ƙarfi, hula kuma ba ta buƙatar doguwar igiya. Mai shekara bakwai zai ji daɗin naɗe zare ko sa kaya a leda, ki bar shi ya yi a matsayin wasa, amma ba aike ba, ba talla ba.

Ƙorafin maigida, a yawancin gidaje, ba a kan sana'ar yake ba, a kan rashin iyakarta ne. Ki zauna da shi da lissafin nan a hannu: dare huɗu, tara zuwa goma da rabi, da safiyar Asabar. Ki nemi abu takamaimai, misali ya fita da manyan biyu awa biyu ranar Asabar. An fi amsa irin wannan roƙon fiye da "ka riƙa taimaka mini." Ke kuma ki riƙe naki alƙawarin, goma da rabi ta yi ki ajiye ko da layi biyu ya rage.

Jikinki ma kayan aiki ne. Kowane rabin awa ki saki kwarashi ki miƙe yatsu da kafaɗa. Zare mai duhu a bar shi sai da rana. In kika fara jin yatsu suna mutuwa ko suna tsikari cikin dare, ki dakata ki ga likita.

To a bari ko a ci gaba?

Da ɗan wata goma a hannu, tsayawa na wata uku ko shida ba faɗuwa ba ce, kuma kwarashi ba ya ruɓewa. In kin zaɓi ci gaba, to a girman awa shida a mako: seti biyu, ko hula da safa takwas a wata. Ƙaramin kuɗi ne, amma naki ne, kuma da barcinki.

Barin aiki saboda saƙa kuwa ban ba ki shawara ba a yanzu. Saƙar kwarashi tana da iyaka, don kowane ido hannu ne yake yin sa. Ko awa arba'in kike yi a mako, seti goma sha huɗu ko sha biyar ne a wata, sannan ga watannin zafi, ga fansho da albashin da za ki rasa. Masu rayuwa da wannan sana'a yawanci sun haɗa da wani abu: koyarwa, sayar da zare da kwarashi, ko raba aiki ga wasu mata su kuma su tsaya a kan samfuri da ciniki. In kina hangen can, ki fara riƙe littafin lissafi na shekara guda cur, da hunturunta da bazararta, ki ga ko ribar da ta rage bayan kin biya kanki lada ta kusanci albashinki. A wannan makon dai, takarda da biro, ki jera odar nan takwas, ki fara kiran mai shawul.